Ma'aunin Inuwa: Ina Mutanen Dakoro Za Su Sha Iska?

Duk wanda ya taɓa sauka a tashar Dakoro cikin watan Afrilu, tsakanin azahar da la'asar, ya san cewa a wannan lokaci garin ba tituna yake bi ba, inuwa yake bi. Inda dogon yaro ya baza rassa, nan mai shayi ya kafa teburinsa, nan ɗan kabu-kabu ya jingine babur, nan dattijo ya shimfiɗa tabarma yana jan carbi, awaki ma sun raɓe daga gefe suna tuƙa. Taku goma daga wurin kuwa rairayi ne mai toya tafin ƙafa, ko kaza ba ta ratsa shi sai da gudu. Zafi kan haura digiri 40 a bazara, kuma ɗakin kwano ya zama tanda tun da hantsi. Wanda yake da inuwa a kusa da shi ya huta. Wanda ba shi da ita sai haƙuri har rana ta karya.

Masana tsara birane suna da tambayar da suke yi wa kowane gari: mutum nawa ne cikin mazauna za su iya isa wurin hutu mai itatuwa cikin sauƙi? Tambaya ce mai kyau, kuma an yi mata ma'aunai. A shekarar 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ta cikin muradun ci gaba mai ɗorewa, a sashe na 11.7, inda ƙasashe suka yi alkawarin cewa kafin 2030 kowa zai samu fili na jama'a mai tsaro da tsirrai, musamman mata da yara da tsofaffi da masu naƙasa. Ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya na Turai ya ba da shawarar kada gidan mutum ya wuce mita 300 daga fili mai girman rabin hekta zuwa hekta ɗaya, wato tafiyar minti biyar. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da matsugunai tana aiki da mita 400. A 2021 wani masanin itatuwan birni ɗan ƙasar Holan, Cecil Konijnendijk, ya dunƙule zancen cikin lambobi uku, 3-30-300: mutum ya hangi bishiya uku daga gidansa, kashi 30 cikin ɗari na unguwarsa ya kasance ƙarƙashin rassan itatuwa, wurin shaƙatawa kuma kada ya fi mita 300 nisa.

Ban raina waɗannan ma'aunai ba. Amfaninsu shi ne sun hana mahukunta fakewa da jimilla. Da can sai a tara duk hektocin gandu da lambu na gari, a raba da yawan jama'a, a ce kowa ya samu murabba'in mita kaza, alhali duk filin yana can unguwar manya. Da aka koma tambayar nisa daga ƙofar gida, sai asiri ya tonu. Amma an yanka rigar ne a jikin garuruwan da ruwan sama ke sauka kusan kowane wata, inda ciyawa ke fitowa ko ba a roƙe ta ba, inda kuma mace da namiji ke fita yawo tare da maraice. Dakoro ba haka take ba.

Garin yana kimanin kilomita 120 arewa da Maraɗi, a bakin iyakar da noma ke ƙarewa kiwo ya karɓa. Kwarin Tarka yana ratsa yankin, kuma tun 1961 doka ta shata layin da bai kamata gona ta tsallaka arewa da shi ba, ko da yake yunwar ƙasa ta daɗe da tura manoma gaba. Ruwan shekara ba ya wuce ƴan milimita ɗari uku zuwa huɗu, a cikin wata uku, in an yi sa'a. Rijiyoyin yankin masu zurfi ne, duk wanda ya ga yadda ake jan guga da raƙumi ko jaki ya san haka. Hausawa da Fulani da Buzaye ne suka haɗu suka yi garin, kasuwar dabbobi ce jijiyarsa. A wuri irin wannan, in ka ɗauko ma'aunin Turai ka aza yadda yake, amsa biyu za ka samu, kuma duka biyun ƙarya ne.

Amsa ta farko ita ce sifiri. Mai bincike ya buɗe taswira yana neman abin da aka rubuta wa suna lambun shaƙatawa, mai shinge da ƙofa da kujerun siminti, bai gani ba, sai ya rubuta cewa mutanen nan ba su da wurin hutu. Amsa ta biyu ta fi ban dariya. A yau ana auna koren ƙasa daga sama, da hotunan tauraron ɗan'adam irin su Sentinel-2 na Tarayyar Turai, wanda ke ganin fili mai faɗin mita goma, kuma kyauta ake samun hotunansa. In aka ɗauki hoton watan Satumba, Dakoro tana zaune ne a tsakiyar teku kore: gero ya yi kai, wake ya yaɗu, ciyawa ta rufe tudu. Kwamfuta za ta ce kusan kowane gida na bakin gari yana dab da tsirrai. To amma gonar gero ba wurin wasa ba ce. Yaron da ya shiga da ƙwallo zai fito da bulala. Da damina ma filin yara raguwa yake yi, don duk inda suke buga ƙwallo da rani a bayan gari an shuke shi. Ka dawo da hoton Afrilu, koren ya ɓace, sai ɗigo-ɗigo. Waɗannan ɗigo-ɗigon su ne ainihin dukiyar, kuma da yawa daga cikinsu gawo ne, itacen da ya saɓa wa sauran: yana zubar da ganye da damina, ya yi sabo da rani. Gawo guda a bakin hanya cikin bazara ya fi hekta goma ta ciyawar Satumba amfani ga mai neman hutu, amma a lissafin na'ura da kyar ya cika ɗigo ɗaya.

Don haka abin da ya kamata a fara aunawa a Dakoro shi ne inuwa, kuma a auna ta a mafi munin lokaci, wato tsakar ranar bazara. Ciyawa shimfiɗaɗɗiya irin ta filayen Ingila ba ta cikin lissafi. Garin da mata ke bin layi a famfo ba zai shayar da ciyawar ado ba, kuma bai kamata ya yi ba.

Daga nan sai a tambayi mutane inda suke hutawa, maimakon a tambayi taswira. Jerin zai fito da abubuwan da babu su a littafin tsara birane. Akwai dandali, inda ƴan mata ke gaɗa da farin wata, yara maza na langa. Akwai filin idi, wanda sau biyu kawai ake cika shi a shekara, sauran kwanakin na ƴan ƙwallo ne da masu koyon babur. Akwai farfajiyar lakwal bayan an tashi. Akwai filin kokawa, ga kuma gindin bishiyar ƙofar mai unguwa inda ake dara. Akwai fada, wannan majalisar samari da ta zama alamar garuruwan Nijar, wadda ba ta buƙatar komai sai benci da butar shayi da gawayi da ɗan bango mai inuwa. Akwai kududdufi, ramin da aka haƙa don ƙasar gini, wanda da damina ke zama wurin iyon yara ko iyaye sun so ko sun ƙi. Har titi ma wurin hutu ne, watakila shi ne mafi girma, tun da rabin hirar gari a bakinsa ake yi. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke da takardar da ta ce wurin shaƙatawa ne, shi ya sa ranar da mai kuɗi ya zo da takardarsa, ba wanda ke da bakin magana.

Sannan akwai inuwar da ake gani amma ba a sha. A kusan kowane babban garin gunduma a Nijar, itatuwa mafiya girma suna cikin harabar ofisoshin gwamnati da gidajen manyan ma'aikata, don nan ne aka dasa da wuri, aka yi shinge, aka sa mai ban ruwa. Maƙabarta ma takan yi duhun itatuwa, don ba mai sara a can. Daga sama duk kore ne. Daga ƙasa kuwa akwai katanga da mai gadi, ko kuma kwarjinin wurin da ba a zuwa sai da dalili. Hausawa sun riga masana gano wannan, da suka ce inuwar giginya na nesa ka sha. Binciken da bai raba inuwar da kowa ke iya shiga da wadda ke bayan katanga ba, aikin banza ne.

Wurin da na fi son a tsaya a yi dogon tunani shi ne batun mata. In ka zaga gari da rana kana ƙirga masu zama a gindin itatuwa, kusan duk maza za ka ƙirga. Matar aure a ƙasar Hausa, ko tana kulle ko ba ta yi, ba ta zuwa ta shimfiɗa tabarma a bakin titi. Hutunta a tsakar gida yake, tare da daka da wanki da reno, sai kuma gidan biki da gidan suna da hanyar asibiti. Ma'anar wannan ga mai tsara gari babba ce. Ga rabin manyan mutanen garin, lambar farko ta Konijnendijk, wato bishiyar da ake gani daga gida, ta fi ta ƙarshe nauyi nesa ba kusa ba. Bishiyar tsakar gida ita ce lambun shaƙatawar mace. To, ga abin da ke faruwa: gida na gado ana raba shi, ɗa ya yi aure a ƙara ɗaki, a ƙara shago a waje don haya, kuma abin da ke fara tafiya shi ne dogon yaron da kaka ya dasa. Filayen da ake yankawa sababbi ma in sun yi ƙanƙanta, ba a bar wa itace wuri ba. Babu wata ƙididdigar fili na jama'a da za ta nuna wannan asara, don a bayan zaure take faruwa. Sai an tura mata masu tambaya sun shiga gida gida, sun zauna, an ba su ruwa, sun ce: “Inna, da rana in zafi ya yi, ina kuke zama? Yaran fa, ina suke wasa, kuma kina iya jin muryarsu daga nan?” Tambayar ƙarshen nan ita ce ma'aunin nisa na gaskiya ga yaro ƙarami. Uwa ba ta san mita 300 ba, ta san iyakar inda kiranta ke kaiwa.

A waje kuma, wuraren da mata ke taruwa ba don hutu ba su ne suka fi cancantar inuwa: bakin famfo, wurin injin niƙa, harabar asibiti ranar awo da rigakafi, rumfunan kasuwa. Bishiya biyar a inda mace ke jira awa biyu da goyo sun fi lambu mai ƙofa da ba za ta taɓa shiga ba.

Yara su ne mafi yawa. Ƙidayar 2012 ta nuna kusan rabin al'ummar Nijar ba su kai shekara 15 ba, kuma jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi yawan jama'a. Duk da haka ban taɓa jin an tara yara an tambaye su inda suke wasa kafin a yanka fili ba. A sa almajirai cikin lissafin, waɗanda ba su da tsakar gidan da za su koma. A sa baƙin ranar kasuwa, makiyayan da ke kwana biyu a gari da dabbobinsu suna neman inda za su sauke kaya. A sa gurgu mai keken hannu, wanda rairayi mai zurfi ke mayar masa da mita ɗari ta zama tafiyar yini.

Nisa kansa sai an sake duba shi. Masu taswira kan zana da'ira daga fili su ce duk gidan da ke ciki ya samu. Mutum kuwa ba tsuntsu ba ne, lungu yake bi, ya kauce wa kwata, ya tsallaka titin da manyan motoci ke bi. Lokaci ma haka. Shaƙatawar ƙasar zafi ta dare ce, bayan isha'i, don haka fitila mai aiki da hasken rana guda ɗaya tana iya mayar da mataccen fili ya zama dandali, rashinta kuma ya sa iyaye su hana ƴan mata zuwa.

Aikin awon ba ya buƙatar ƙwararru daga waje. Ɗaliban sakandare ashirin da wayoyin hannu masu nuna wuri za su iya zaga unguwannin Dakoro cikin mako biyu, su sa alama a kan kowace babbar bishiya da kowane fili da ake taruwa, su rubuta mai shi, su ƙirga waɗanda ke wurin da hantsi da azahar da bayan isha'i, maza nawa, mata nawa, yara nawa. A yi sau ɗaya a Afrilu, a maimaita a Agusta. Abin da zai fito taswira ce da ma'aikatar magajin gari ba ta taɓa mallaka ba, kuma ina da yaƙinin za ta nuna abin da kowa ya sani a zuci: tsofaffin unguwanni sun fi inuwa, sababbin da ke bakin gari fayau suke.

A nan ne zancen ya daina zama na awo ya koma na ƙasa. Garuruwan Nijar suna faɗaɗa ne ta hanyar lotisma: hukuma ta karɓi gonakin bakin gari, masu awo su yanka su filaye, a ba masu gona kasonsu, a sayar da sauran. A takarda akan ware wasu wurare don makaranta da asibiti da kasuwa da filin itatuwa. Matsalar ita ce sayar da fili na cikin manyan hanyoyin samun kuɗin ƙananan hukumomi, kuma filin da aka ware aka bari babu komai a kai yana nan kamar nama a gaban kura. Shekara biyar, goma, sai ya zama juji, daga juji sai a ce ai gara a raba shi, daga nan sai gini. Yamai ta isa misali. Tun 1965 aka fara dasa mata zoben itatuwa, wanda aka tsara zai kai hekta 2,500, tsawon kilomita 25 da faɗin kilomita ɗaya, don kare birnin daga iska da ƙura. Yau babban ɓangarensa ya tafi ga gidaje da filayen da aka yanka, a babban birnin ƙasa, a gaban idon ministoci. In zoben Yamai bai tsira ba, filin unguwa a Dakoro da ba a kafa masa ko turke ba, me zai tsare shi? Gini ana iya yin sa bayan shekara ashirin in kuɗi sun samu. Fili kuwa in ya tafi ya tafi, ba a rushe gidajen mutane don a yi wa yara wurin ƙwallo.

Dashe ma muna yi, ba a ce ba mu yi ba. Tun zamanin Seyni Kountché, daga 1975, ranar 3 ga Agusta ta samun ƴancin kai ta zama ranar dashen itatuwa a duk faɗin ƙasa. Ana fitowa da kakaki da kyamara, manya su tsuguna su dasa, a faɗi adadi a rediyo. Adadin da ba a faɗa shi ne nawa suka ga Agustan baɗi. Tsakanin akuya da watanni tara na rani, ɗan itacen da ba shi da mai shi ba ya kai labari.

Abin mamaki, maganin yana gonakin jihar nan tamu. A farkon shekarun 1980 Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ke aiki a Maraɗi, ya lura cewa kututturan da manoma ke sassabewa kowace shekara suna da rai, saiwoyinsu na nan a ƙasa, in aka zaɓi tsiro ɗaya ko biyu aka gyara aka bari, za su zama itace ba tare da ban ruwa ba. Manoma suka kira shi sassaben zamani. An ƙiyasta dabarar ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin Nijar. Abin da ya sa ta kama ba dabarar yankan kaɗai ba ce, har da yadda manomi ya gamsu cewa itacen nasa ne, ba na ma'aikacin gandun daji ba. Darasi biyu ke nan ga gari. Na ɗaya, gonakin da ake mayarwa unguwanni ba fayau suke zuwa ba, suna zuwa da gawo da aduwa da magarya da ƙalgo da manomi ya yi shekara ashirin yana reno. Abin da aka saba shi ne mai awo ya ja layinsa miƙe, sabon mai fili ya sare abin da ya tarar ya yi itacen girki. Da za a ƙirga itatuwan kafin a ja layi, a karkatar da titi kaɗan, a sa filin jama'a daidai inda suka fi yawa, da unguwa ta samu inuwar shekara ashirin ranar da aka buɗe ta, ba a kashe ko dala ba. Na biyu, itacen kowa ba na kowa ba ne. A damƙa kowane fili a hannun waɗanda ke amfana da shi: wata fada, ƙungiyar mata masu adashi, kwamitin masallaci, ko mai shayin da za a ba izinin zama bisa sharaɗin ya shayar da bishiya biyar da ruwan wankin kofunansa.

Na san abin da wani zai ce. Garin da ke fama da ruwan sha da tsadar hatsi da tamowar yara, wa ke ta wurin shan iska? Dattawa kuma suna da nasu tsoron, kuma ba na wasa ba ne: fili marar mai kula yakan zama matattarar masu shaye-shaye, kududdufi yana kawo sauro, yana cin yara. Na yarda da rabin maganar. In shaƙatawa na nufin marmaro da fulawowi da ƙofar ƙarfe mai tikiti, Dakoro ta haƙura tukuna. Amma inuwa a digiri 43 ba ado ba ce, tana cikin abin da ke raba tsoho da jinya. Kududdufin da ake cikewa a yi gini a kai shi ne ke shanye ruwan da in ba shi zai shiga ɗakuna, kuma daminar 2024 ta nuna wa jihar Maraɗi abin da ruwa ke yi in ya rasa wurin kwanciya. Gyara bakinsa da dasa masa itatuwa da hana zuba shara ya fi cike shi arha. Matattarar banza kuwa a wurin da ba idon jama'a take kafuwa. Filin da tsofaffi ke dara a gefe ɗaya, mai ƙosai na gefe ɗaya, ba ya zama haka.

Akwai gandun Gadabeji can arewa, wanda aka keɓe tun 1955, UNESCO ta sa shi cikin jerinta a 2017, har aka kai masa raƙuman dawa takwas daga Kure a 2018. Akwai kuma shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ta Afirka da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Duka abin alfahari ne, kuma a rahoto suna ƙara wa yankin hektoci masu yawa. Sai dai yarinyar da ke tallan gyaɗa a tasha ba ta taɓa ganin raƙumin dawa ba, kuma ba lallai ta gani ba. Nata gandun shi ne bishiyar da ke tsakanin gidansu da kasuwa.

Yanzu haka a wani gefen garin akwai gonar da aka girbe gero a cikinta karo na ƙarshe. Karan yana tsaye, gawo uku ko huɗu sun fara sabon ganye, yara sun riga sun kafa duwatsu biyu sun yi raga. Masu awo za su zo da igiya da turakun siminti kafin ruwa ya sauka.